Hayis ɗinka da ke zafi a cunkoson Nyanya

Malam, ka ce allurar zafi tana hawa idan ka tsaya a cunkoson Nyanya da rana, amma tana sauka da zarar hanya ta buɗe. To, fanka zan fara zargi. A guje iska ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa aikin fanka ne kaɗai. Duba ko tana juyawa da ƙarfi, ka duba fambel kuma.

Sai ƙurar hunturu da ke toshe fuskar lagireto, a wanke ta. Murfin lagireton ma kan mutu, ga shi ba tsada.

Kada ka buɗe shi injin na zafi, ruwan zai ƙona ka. In ka ga kumfa a ruwan, ko man inji ya koma kamar madara, mai yiwuwa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, sai bakanike. In ya ce a cire thermostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, a yar, kada ka yarda.