Shafi na aiki a Chrome amma ya ƙi a iPhone

Malam, ka ce a ofis kun gwada sabon shafinku na intanet a burauzar Chrome da ta Edge lafiya lau, amma da kuka fitar da shi masu iPhone suka ce kwanan wata ba ya fitowa. To ai gwaji ɗaya kuka yi, domin tun 2020 Edge ya koma kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, injinsu na nuna shafi guda ne, Blink. Safari kuwa, burauzar da ke zuwa da iPhone, injin WebKit yake amfani da shi, kuma a yawancin ƙasashe ko Chrome ɗin da ke kan iPhone WebKit ne a ciki.

Ina kyautata zaton matsalar a JavaScript take, wato yaren da ake rubuta ayyukan shafi da shi. Duba yadda kuke rubuta lokacin. Idan "2024-03-05 10:00" ne, da tazara a tsakani, Chrome zai karɓa, amma tsofaffin Safari sai su ce Invalid Date, wato kwanan watan ba daidai ba ne. Ku sa harafin T a wurin tazarar, yadda ISO 8601, tsarin duniya na rubuta kwanan wata da lokaci, ya tanada.

Kafin fitarwa ta gaba, don Allah ku haɗa da Playwright, manhajar gwada shafi ta atomatik, yana gwadawa a Chromium da Firefox da WebKit. Duk da haka wani ya ɗauki iPhone na gaske ya cike fom ɗin shafin da hannunsa, musamman wayar da ba a sabunta ba.