Ga ɗan'uwan da College Hoops 2K8 ya hana sakat

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi dariya, ba ta raini ba, sai don kamar bakina ka ara. Ka ce ka samo gem biyu na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, College Hoops 2K8 na kamfanin 2K da NCAA Basketball 10 na kamfanin EA, a PS3, kai da ka saba da NBA 2K na yanzu, amma ɗan wasanka sai ya riƙa jefa ƙwallo ba ka sa shi ba, kwamfuta tana tsinke maka kowane fasin, 'yan wasan kuma nauyi gare su. Har kana tambaya ko hannun gem ɗin ne ya lalace, kuma wanne za ka riƙe cikin biyun. Na ga wasu a rukunin nan sun riga sun ce ka watsar ka koma inda ka fito. Kada ka biye musu tukuna.

Maganar jifan da ba ka sa ba, kusan na rantse na san dalili. Babban yatsanka na dama ne. A NBA 2K na shekarun nan, in ka ɗan taɓa analog ɗin dama yanka yake yi, sai ka riƙe shi ne yake jefawa. A 2K8 babu wannan rabon aikin. Analog ɗin dama na jifa ne kawai, yanka kuwa yana kan na hagu tare da maɓallan baya. Wato duk sanda ka zo za ka yanke mai tsaronka yadda ka saba, jifa ka umarta. Abin da ya ƙara dagula maka lissafi shi ne kana tsalle tsakanin gem biyu: a na EA analog ɗin dama na yanka ne, jifa da maɓalli ake yi. Yau ka koya wa yatsa abu, gobe ka rushe. Ka ajiye ɗaya a gefe har ɗayan ya zauna maka. Kuma ka daina neman ma'aunin jifa a ƙasan ɗan wasa, a 2007 babu shi. Hannun ɗan wasan za ka kalla, ka saki idan ya kai ƙololuwar tsallensa, kowa kuma da irin nasa sakin.

Amma fa hannun ma ka duba shi, don a nan aka taɓa cutata, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai gidan gem ɗin da muke zuwa a unguwarmu wancan lokacin. Kowa ƙwallon ƙafa yake bugawa, mu 'yan ƙwallon kwando ba mu cika ba, sai mun jira an watse sannan a sa mana faifanmu. Muka haɗa 'yar gasa tsakaninmu, ba kuɗi ba komai, suna kawai. Na kai wasan ƙarshe da ƙanin mai gidan. Shi ya ɗauki jami'ar North Carolina, ni na ɗauki ta Davidson saboda mai lamba 30 ɗin nan, wanda duk mun san Stephen Curry ne ko da gem ɗin bai rubuta sunansa ba. Kafin a fara ya tashi ya ce bari ya canjo mini hannu, wai nawa cajinsa ya yi ƙasa. Na yi masa godiya ma, wallahi. Ashe hannun da analog ɗinsa na dama yake zamewa shi kaɗai ya kawo mini. A ƙwallon ƙafa ba kowa zai lura ba, amma a 2K8 wannan kisa ne. Ina tsallake tsakiyar fili sai yarona ya ɗaga ya jefa daga inda ko mahaukaci ba zai jefa ba. Na ce a tsaya, hannun nan ba lafiya. Ya ce, "Haba yaya, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba." Yaya fa ya kira ni, don ya fi zafi. Mutane suka kwashe da dariya. Na ce to mu yi musaya, ka ba ni naka. Ya ce an riga an fara, doka ta hana. Wace doka? Wa ya kafa ta? Yayansa yana zaune a bakin ƙofa yana ƙirga canji, ya san halin hannun nan sarai don shi ya ware shi a cikin kwali, amma bai ɗago kai ba.

Duk da haka na daure, na danne analog ɗin da gefen yatsa, ina jifa da maɓalli, na bi shi har ƙarshe tazarar maki ɗaya. Saura daƙiƙoƙi ya yi mini keta, aka ba ni jifan kyauta irin na ci-ɗaya-a-ƙara-maka-ɗaya. Jifan kyauta kuwa analog ɗin nan ake ja baya a saki. Kafin in ja, ya ja kansa. Ƙwallo ko bakin ƙarfen ba ta taɓa ba. Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, an sha cinye ni. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne watanni yana ba da labarin a majalisa, yana kwaikwayon yadda na riƙe hannun, har yaran da ba su san ina ne Davidson ba suna tsokanata da shi. Daga baya wani yaron shagon da kansa ya faɗa mini da gangan aka yi. Muna gaisawa har yanzu, zumunci ya wuce gem, amma ban sake zama kujera ɗaya da shi ba. Allah ya isa ban ce ba, ban kuma ce na manta ba.

To ka gwada naka: ka shiga wajen atisaye, ka riƙe ƙwallo, ka cire yatsanka daga analog gaba ɗaya. In yaron ya motsa ko ya jefa, hannun ne. Hannayen PS3 na kasuwa yawancinsu ba na asali ba ne, kuma analog ne ke fara mutuwa.

Tsinke fasin kuwa, a nan ne nake ganin mutane ba sa yi wa gem ɗin adalci. Ƙwallon jami'a ba NBA ba ce. Can daƙiƙa 24 gare ka ka jefa, a nan 35 ne, don haka dokar take a lokacin, sai a 2015 aka rage zuwa 30. Rabi biyu ake yi na minti ashirin-ashirin. Babu dokar da ta hana dogon ɗan baya ya kafa tanti a ƙarƙashin kwando, shi ya sa tsaron yanki ke da ƙarfi haka. Ka gamu da Syracuse ka gani, biyu a gaba uku a baya, irin wanda tsohon kocinsu Jim Boeheim ya shekara da shekaru yana azabtar da mutane da shi. In ka ce za ka danne maɓallin gudu ka kutsa tsakiya, ko ka cilla dogon fasin daga wannan gefe zuwa wancan, ka ba su sadaka. Ka kai ƙwallo wurin dogonka a layin jifan kyauta, tsakiyar yankin nasu. Dole wani ya fito masa, daga nan ko kusurwa ta buɗe ko ƙasan kwando. Ka riƙa zaɓar wanda za ka ba da alamar maɓallinsa, kada ka bar wa gem ya zaɓa maka da analog. Kuma ka yi ƙaryar jifa kafin fasin, kwamfuta tana cin wannan ƙaryar fiye da yadda kake zato.

Nauyin da ka ce kana ji, ni shi nake so. Yara ne 'yan shekara sha takwas, sha tara, mafi yawansu ba za su taɓa shiga NBA ba. Makarantu sama da 300 ne a ciki, in ka ɗauki ƙarama, mai jan ƙwallonka zai iya zubar da ita don kawai ka sa shi yanka biyu a jere. Kamar ka saba da mashin roba-roba ne aka ba ka amalanke, sai ka fara lissafin kwana tun daga nesa. Ka saki maɓallin gudu. Na san da wuya, ni ma yatsana a kai yake kwana, amma rabin ƙwallayen da ake ƙwace maka daga nan ne.

Af, keta. Biyar ake fitar da mutum a nan, ba shida ba. In ƙungiya ta tara bakwai a rabi guda an shiga ci-ɗaya-a-ƙara, a goma kuma jifa biyu cur. Saboda haka ka daina dannan maɓallin ƙwace kamar kana kiran lambar da ba ta shiga. A 2K8 akwai riƙon nan na Lock-on D da ke manna ka da mai ƙwallo. Wasu a rukunin nan sun ce ha'inci ne don yana sauƙaƙa tsaro da yawa, kuma da gaskiyarsu in da mutum kake bugawa. Amma kai da kake koyo da kwamfuta, yi amfani da abinka. Jifan kyauta kuma kada ka raina shi. Memphis ta su Derrick Rose da Chris Douglas-Roberts kofi na hannunsu a wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta 2008, suka yi ta zubar da jifan kyauta a mintunan ƙarshe, Mario Chalmers ya jefa ta maki uku ya kai wasa ƙarin lokaci, Kansas ta ɗauka 75 da 68. Waɗannan ma da hannunsu na jini da tsoka, ba na kwali ba.

Wanne za ka riƙe? Ni 2K8, ba na ɓoyewa. NCAA Basketball 10 ya fi kyan gani, wannan ba musu. Ka zaɓi tashar CBS ka ji mai sharhi Gus Johnson yana ihu kamar gidansa ke cin wuta, ko ESPN ka ji Dick Vitale, sai ka ɗauka talabijin ka kunna. Tsarin kai harinsu ma na yaba: maɓalli ɗaya za ka taɓa yara su fara zagayawa suna yi wa juna shinge, irin na Princeton da sauransu, ga ma'aunin saurin wasa da ke nuna maka ko kana tafiya a takun da makarantarka ta saba. Ga sabon shiga ya fi sauƙin kamawa. Amma ni a hannuna 'yan wasansa zamewa suke yi a fili, kuma sau da yawa in motsi ya fara sai ya ƙare kafin a dawo maka da iko. A 2K8 in an ci ni na san abin da na yi aka ci ni. Akwai masu ganin akasin haka a nan, na sani, kuma za su zo su faɗa.

Sannan Legacy, sashen 2K8 da kake zama koci. Wayyo Legacy. Ka fara koci a wata 'yar makarantar da ko sunanta ba ka taɓa ji ba, kana bin yaran sakandare kana lallashi, manyan makarantu suna ƙwace maka su a ƙarshe. Ranar da za a fitar da sunayen makarantu 65 na babbar gasar jami'o'i ta watan Maris, 'yan talabijin Greg Gumbel da Clark Kellogg suna karantowa, kai kana zaune gabanka na faɗuwa a kan abin da ka san ƙarya ne. Har yau ban ga gem ɗin ƙwallon kwando da ya ba ni wannan ba.

Abin takaici, daga waɗannan biyun aka rufe ƙofa. 2K sun soke na 2K9 a farkon 2008 bayan sun kasa daidaitawa da masu lasisin makarantun, sai 2K8 mai hoton Greg Oden a bango ya zama na ƙarshe. EA suka tsaya a kan NCAA Basketball 10, mai hoton Blake Griffin, a 2009. A shekarar ce kuma Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da UCLA a 1995, ya kai ƙara bayan ya ga an sa siffarsa da lambarsa a gem ba a tambaye shi ba, ba a ba shi ko sisi ba. Da can haushinsa nake ji, ina cewa shi ya kashe mana wasa. Yanzu da na girma na san zafin a ci da guminka, ba na ganin laifinsa. Dama abin da ya sa ba ka ganin sunaye ke nan, sai matsayi da lamba, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ta bar ɗalibi ya ci kuɗin sunansa ba sai a 2021. Na kauce, yi haƙuri.

Wani abu da ya kusa wuce ni: a 2K8, in kana wasa a gidan wasu, musamman Cameron na Duke ko Allen Fieldhouse na Kansas, ka lura da ma'aunin 'yan kallo, wanda suka kira 6th Man. In masu gida suka ci biyu uku a jere ya cika, yaranka sai su rikice, jifan da suka saba ci ya riƙa fita. Ba hannunka ba ne a nan ma. Ka nemi hutun koci tun kafin ya cika, ka dawo ka cinye agogo, ka nemi ƙwallo mai sauƙi a ƙasan kwando. Kuma don Allah ka sauko daga matakin wahala na All-American, ba wanda ke kallonka. Ka shiga saiti ka ɗan rage ƙwacen kwamfuta in ya yi maka yawa, ka sa kowane rabi minti goma don ka samu lokacin gane abin da ke faruwa.

Sabar gem ɗin an daɗe da kashe ta, amma masoyansa har yanzu suna haɗa jerin 'yan wasa da sunayensu na gaskiya, a filas ake ɗorawa. Ina da na kakar 2007 zuwa 2008, in kana so ka yi magana in turo maka. Ka kuma faɗa mana makarantar da kake ɗauka, don in ƙarama ce mai gajerun yara, abin da na ce game da kai wa dogo ƙwallo a tsakiya sai an sake masa lale.