Rassanmu 6 sun ƙi fitowa a taswirar shafinmu, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ne nake kula da shafin yanar gizon kamfanin da nake wa aiki, a kan WordPress yake, muna da shafin da kwastoma zai shiga ya nemi reshe mafi kusa da shi a taswira. Rassanmu 23 ne amma 17 kawai ke fitowa. Huɗu daga cikin waɗanda suka ɓata sababbi ne, da fayil ɗin CSV (fayil mai jerin bayanai layi-layi) na loda su, sauran biyun kuma da can suna fitowa yanzu babu su. Duk ina ganin su a cikin dashbod da adireshinsu cif. Oga ya fara faɗa, ni kuma har na fara tunanin in goge fulogin ɗin taswirar (ƙaramar manhajar da aka ɗora wa WordPress don nuna rassan) in sa wani. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka goge komai tukunna, in ka sa wani fulogin da bayanan nan yadda suke to matsalar za ta bi ka can, ka ƙara wa kanka aiki a banza.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne taswira ba ta karanta adireshi. Lambobi biyu kawai ta sani, latitud da longitud, wato lambobin da ke nuna matsayin wuri a doron ƙasa. Duk lokacin da ka rubuta adireshi ka danna ajiyewa, fulogin ɗin yana tura shi wajen Google ta hanyar Geocoding API, wato sabis ɗin Google mai mayar da adireshi lambobi, Google ya dawo masa da lambobin nan biyu, shi kuma ya ajiye, da su ake dasa alamar. To in wannan musayar ta faɗi, reshen zai zauna lafiya lau a dashbod da sunansa da lambar wayarsa da komai, amma a taswira babu shi, don ba a san inda za a ajiye shi ba. Saboda haka buɗe ɗaya daga cikin sababbin huɗun nan ka nemi gurbin latitud da longitud ka gani, abin da ka tarar a wajen shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

In ka tarar gurbin wayam, Google ne bai amsa ba. Yawanci makullin API ne, wato lambar sirrin da Google ke ba ka don shafinka ya iya amfani da sabis ɗinsa. Mutane da yawa suna yin makulli ɗaya su ɗaure shi da adireshin shafinsu don kar wani ya sace, wanda daidai ne, sai dai irin wannan makullin na burauza ne kawai, shi ke zana taswirar. Neman lambobin kuma daga saba ake yinsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kuma Google ba ya karɓar makullin da aka ɗaure da adireshin shafi a wannan ɓangaren, sai ya dawo da amsar REQUEST_DENIED, wato ya ƙi karɓar buƙatar. Shi ya sa fulogin irin su WP Store Locator suke da gurbi biyu, makullin burauza daban na saba daban, na sabar da lambar IP, wato adireshin sabar a intanet, ake ɗaure shi. Ka kuma leƙa Google Cloud ka tabbatar an kunna Geocoding API ɗin kanta, kuma akwai katin biya mai rai a kan asusun. Tun 2018 Google suka wajabta wannan, kuma a watan Maris na 2025 suka cire kyautar dala 200 ta wata-wata suka mayar da ita adadin amfani kyauta a kan kowane sabis. Rassa 23 ba za su kai ka ko kusa da iyakar ba, amma in katin ya mutu komai tsayawa yake.

In kuma amsar da Google ya dawo da ita ZERO_RESULTS ce, wato bai samo komai ba, to adireshin ne Google bai gane ba. Irin "bayan gidan mai, kusa da babban shataletale" ɗin nan mutum zai gane, inji ba zai gane ba. A nan ni ba na ɓata lokaci wajen gyara rubutun adireshi, buɗe Google Maps nake yi in je daidai kan ginin in danna maɓallin dama na linzami, lambobin za su fito a sama, in kwafa in liƙa da hannu, shikenan. Lamba biyar bayan ɗigo ta isa, tana kai ka kusan mita ɗaya daga wajen. Gaskiya ma ga mai rassa kaɗan irinku wannan ya fi, don kai ka san ƙofar shagon, Google hasashe yake.

Amma tunda ka ce da CSV ka loda, zargina ya fi karkata ga cewa lambobin suna nan amma sun lalace, wato rassan ba ɓata suka yi ba, suna wani waje a duniya da ba ka duba ba. Janyo taswirar baya har ka ga duniya gaba ɗaya. In ka hango alama a tsakiyar teku a Mashigin Gini, inda layin ikwaita ya haɗu da layin Greenwich, to gurbin ya koma 0,0 ne, fulogin ya ɗauki wayam a matsayin sifili. Wani lokacin kuma juya su aka yi, longitud ya shiga gurbin latitud, wannan yana yawan faruwa saboda Google latitud yake fara sawa, shi kuma GeoJSON, wani tsarin rubuta bayanan taswira, longitud yake farawa da shi. Latitud ba ya wuce 90 sama ko ƙasa, longitud kuma har 180 yake zuwa, kaga in ka juya na Tokyo, 35.68 da 139.69, ka ba taswira latitud 139 wanda babu shi, sai abin ya rikice. Alamar debewa ma haka, New York tana 40.71 da -74.00, in ka cire ɗan layin nan sai ka tsinci reshenka a Kirgistan. Sannan ga Excel da nasa halin, a wasu kwamfutocin da waƙafi yake raba lamba maimakon ɗigo, 40,71 kenan, kuma a fayil ɗin CSV waƙafi shi ne ke raba ginshiƙi da ginshiƙi, sai komai ya zame gefe guda. Buɗe fayil ɗin da Notepad ka kalli layukan huɗun nan da idonka, kar ka yarda da abin da Excel ke nuna maka.

Su kuma tsofaffin biyun da suka ɓace, labarinsu daban ne, ba na jin lambobinsu sun taɓu. Duba saitin fulogin ɗin, akwai iyakar adadin sakamakon da zai nuna da kuma nisan da zai bincika daga inda taswirar ta fara. In nisan kilomita 50 ne reshen kuma yana 80, ba zai fito ba sai an nema daga kusa da shi, kuma sabunta fulogin kan iya mayar da saitin yadda ya zo. Duba ko wani ya mayar da su daftari ko ya cire musu rukuni alhali taswirar tana tacewa da rukuni. Akwai kuma wanda ke ba mutane dariya in sun gano, rassa biyu da lambobi iri ɗaya sak, misali an kwafi tsohon reshe don a yi sabo aka manta ba a canza ba, sai alama ɗaya ta hau kan ɗaya, kai kana ƙirga ɗaya alhali biyu ne.

Bayan duk gyaran da ka yi, share ma'ajiyar wucin gadi kafin ka yanke hukunci, ta fulogin ɗin taswirar da kanta, da ta shafin, da ta Cloudflare in kuna amfani da shi, sannan ka gwada a tagar sirri ta burauza. Sau da yawa an riga an gyara, tsohon kwafi ne ake ta kallo ana cewa bai yi ba.

In duk ka bi wannan har yanzu shiru, danna F12 a kan shafin taswirar don buɗe kayan binciken burauza, shiga sashen Network, sake loda shafin, nemi amsar da ke ɗauke da jerin rassan ka ƙirga. In 17 ne suka zo, matsalar tana wajen saba ko saiti. In 23 ne suka zo amma 17 suka fito, to wajen zanawa ne, koma sashen Console ka ga jan rubutun kuskuren da ke wajen, wani lokacin alamar zance guda ɗaya a cikin sunan reshe ce ke karya lambar ta tsayar da duk waɗanda ke bayansa. Kwafo jan rubutun ka turo mu duba tare, amma ka rufe makullin API ɗin kafin ka ɗauki hoton.