Tambaya da Amsa: Tsohon Babur Mai Shan 2T, Me Zan Duba Kafin In Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, mahaifina marigayi ya shafe shekaru yana hawan Suzuki A100, kuma har yau idan na ji ƙarar irin wannan inji ko warin hayaƙinsa sai ya faɗo mini a rai. Yanzu da Allah ya hore mini ɗan abin hannu, ina so in fara tara tsofaffin ƙananan baburan gudu masu shan man 2T. Wani dillali ya turo mini hoton Yamaha RD350 da aka yi wa sabon fenti, yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kwali, ya ce in hanzarta ba da kafin alƙalami. Shin in biya? Mai karatu, daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinmu, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kada ka biya ko sisi a kan hoto, domin abin da ke sa irin wannan babur ya yi daraja ko ya zama ƙarfen 'yan gwangwani yana cikin inji ne, inda kyamara ba ta kaiwa.

Ka zaɓi babur na kirki, wannan kam babu musu. Kamfanin Yamaha ya fito da RD350 a 1973, da silinda biyu, da inji mai cc 347, da giya shida, da ƙarfin doki 39, ga shi kuma ba shi da nauyi, shi ya sa a zamaninsa yake barin baburan da suka fi shi girman inji a baya. RD400 ya gaje shi a 1976, sannan a 1980 aka yi RD350LC mai sanyaya inji da ruwa. Sai dai ka sani akwai wani da aka riƙa haɗawa a Indiya daga 1983 da sunan Rajdoot 350, wanda aka rage wa ƙarfi, aka kuma sa masa birkin ganga a gaba maimakon na faifai. Shi ma babur ne mai masoya, amma ba kuɗinsu ɗaya da na Japan ba, kuma fenti da sitika kan iya ɓoye bambancin. Saboda haka abu na farko shi ne lamba. Yamaha na wancan zamani yakan buga lamba iri ɗaya a wuyan firam da jikin inji, don haka idan ka ga sun saɓa, an taɓa canza injin, kuma wajibi ne farashi ya sauka. Idan ka ga alamar an goge lamba an sake bugawa, ko babu takardun mallaka, ka yi sallama ka tafi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Injin mai bugu biyu, irin mai shan 2T, wato wanda fulogi ke ba da wuta a duk juyi ɗaya na kiranki, ba shi da bawul irin na mota. Cakuɗen fetur da iska yana fara shiga akwatin kiranki da ke ƙasa, fistin ya danne shi, sannan ya haura sama ta wasu ƙofofi da ke jikin silinda. Ke nan dole akwatin nan ya zama a rufe ruf, kuma abin da ke rufe shi wasu zobban roba ne a gefen kiranki, waɗanda bakanikai ke kira sil. Robar da ta yi shekara hamsin, musamman a babur ɗin da aka jingine a ɗaki ba a tayarwa, takan bushe ta tsage. Idan ta ɓangaren hagu ta lalace, iska na sata ta shiga, fetur ya yi ƙaranci, inji ya ɗauki zafi har fistin ya huje ko ya kame. Idan ta dama ce, sai injin ya riƙa zuƙar man giya yana tuƙo farin hayaƙi mai kauri da ba ya raguwa ko bayan ya yi ɗumi.

Ni kaina wannan ya taɓa ritsawa da ni. Na sayi wani ƙaramin babur mai silinda biyu da ya tashi da kik ɗaya a gaban mai shi, na yi murna na biya. Ban yi tafiyar kilomita ashirin ba na ji ƙarar ta canza ta yi siriri, sai tayar baya ta ƙulle, Allah ya taimake ni na kama kuloci a kan lokaci. Da muka buɗe kan injin, fulogin hagu ya yi fari fat, an kuma sami rami a tsakiyar fistin wanda ɗan yatsa ke shiga. Gyaran ya ci fiye da rabin kuɗin da na sayi babur ɗin, domin kirankin irin waɗannan injuna sai an raba shi da na'urar matsa ƙarfe kafin a canza boris, kuma ba kowane bakanike ya iya daidaita shi ba.

Don haka ka je da bakanikenka, ka kuma sharɗanta wa mai babur kada ya tayar da shi kafin ku iso. Ka taɓa silinda da hannu ka tabbatar da sanyi take, tun da inji mai rauni yakan ɓoye aibinsa idan ya yi ɗumi. Bayan ya tashi, ka saurara ko yana komawa ƙasa da sauri idan an saki totur, saboda wanda ke jinkiri ko yake hawa da kansa yana shan iskar sata. Ku cire salansa ku haska tocila ta ƙofar hayaƙi, za ku ga gefen fistin da ringinsa, kuma duk wani zane mai zurfi zai bayyana. Ku tambayi sau nawa aka yi wa silinda bori, wato aka faɗaɗa raminta: ana hawa ne daki-daki, 0.25, 0.50, har zuwa milimita 1, kuma wadda ta kai ƙarshe ba ta da sauran nama mai yawa. Tanki ma a leƙa cikinsa, domin tsatsa takan toshe kabureta ta jawo wannan matsalar ta ƙarancin fetur.

A ra'ayina, babur mai tsohon fentinsa na asali, ko da ya koɗe, ya fi wanda aka shafe da sabo, saboda fistin da ringi da sil har gobe ana ƙera sababbinsu, amma salansar asali da murfin gefe da agogon mita wahalar samu gare su. Kuma da za ka ji shawarata, da ka fara da ƙarami mai silinda ɗaya, kamar Yamaha RX100 da aka yi a Indiya daga 1985 zuwa 1996, ko ma irin A100 ɗin mahaifinmu. Bakanikanmu sun san wannan gida ciki da bai, albarkacin Suzuki AX100 da Jincheng da suka cika tituna a zamanin acaɓa. Idan hannunka ya faɗa, sai ka matsa zuwa RD ko Suzuki GT250 ko Kawasaki KH250 mai silinda uku.

TAMBAYA: Malam, na gaji wani tsohon Suzuki mai silinda biyu. Bakanike ya ce mu cire famfon man 2T mu riƙa zuba 2T kai tsaye a tanki, wai ya fi aminci. Gaskiya ne? Mai karatu, daga Maraɗi.

AMSA: Kada ka yarda, ɗan'uwa. Shawarar tana da tushe a wasu baburan, amma a kan naka kuskure ce. Tsarin famfon mai na Autolube da Yamaha ya ɓullo da shi a 1964 yana zuba mai ne a hanyar da fetur ke bi, shi ya sa masu tsere kan cire shi su gauraya da hannu, tare da ƙara girman jet na kabureta, wato ƙofar da fetur ke bi. Suzuki kuwa, a tsarinsa na Posi-Force da CCI da ya biyo baya, famfon yana tura mai ta ƙananan bututu kai tsaye zuwa wasu daga cikin boris ɗin kiranki, kuma man da ke cikin fetur ba ya isarsu yadda ya kamata. Idan ka cire famfon, babur zai yi ta tafiya lafiya na ɗan lokaci, sannan ƙara ta fara tasowa daga ƙasan inji. Abin da ya dace shi ne a wanke tankin man 2T, a duba bututun nan ko sun tsage, a fitar da iskar da ke cikinsu, sannan a daidaita wayar famfon yadda alamarta za ta zo daidai da buɗewar totur. A tashin farko bayan gyaran, ka zuba ɗan 2T a cikin fetur har sai ka ga mai ya cika bututun babu kumfa.