Tambayi Likita: Ciwon dajin bututun abinci da na huhu, ana warkewa kuwa?

Saƙonnin wannan mako sun taru a wuri ɗaya, ƙirji. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Likita, Baba na da shekara 62. Wata huɗu ke nan tuwo na tsaya mishi ga ƙirji, yanzu sai kunu da madara yake iya sha, ya rame ƙwarai. An zura mishi kyamara ta baki, an ɗebi ɗan nama, an ce ciwon daji ne. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ana warkewa daga wanga ciwo? Daga wata 'yar'uwa a Mabera.

Allah Ya ba Baba lafiya, Malama. Tunda gaskiya kika nema, ga ta: ana warkewa, amma ba kowa ba, kuma abin da ya fi yanke hukunci shi ne inda ciwon ya kai ranar da aka gano shi.

Bututun da ke kai abinci daga maƙoshi zuwa tumbi tsawonsa kamar santimita 25 ne, kuma yana buɗewa ya ba loma hanya. Shi ya sa ƙari kan daɗe yana girma a jikinsa mutum bai ji komai ba. Kafin tuwo ya fara tsayawa, hanya ta riga ta ƙuntata sosai. A Amurka, inda ake bin diddigin majinyata, kusan rabin waɗanda aka gano ciwonsu tun bai bar bututun ba suna raye bayan shekara 5. Idan ya riga ya kai hanta ko huhu, ba su fi 5 ko 6 cikin 100 ba. Mu nan yawancin mutanenmu a makare suke zuwa, bayan an sha jiƙe-jiƙe an gaji, don haka kada ki ɗauki lissafin can ki ɗora wa Baba kai tsaye.

Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne hoton siti-sikan na ƙirji da ciki, don a san matakin ciwon. Idan bai bazu ba kuma jikin Baba zai ɗauka, akan haɗa abu uku: ƙarin ruwan maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, sau ɗaya a mako, gashi da na'ura na kimanin mako biyar, sannan bayan hutu a yi tiyata a cire wurin. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2012, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa kemo da gashi kafin tiyata rabinsu sun wuce wata 49 a raye, waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai kuwa wata 24. Irin ciwon da muka fi gani a Afirka, wanda ke tasowa daga fatar cikin bututun, yana jin gashi sosai, har wani lokaci kemo da gashi kawai ake yi ba tare da wuƙa ba. Akwai sashen gashi da kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan cikin Sakkwato, ku nemi a tura ku can da takardar sakamakon naman.

Idan kuwa aka ce ya bazu, manufa ta sauya. Ba warkarwa ake nema ba, ana neman Baba ya ci abinci, ya yi barci, ya yi sallarsa ba cikin azaba ba. Ana iya saka ɗan bututun raga na ƙarfe ya buɗe hanyar, ko a yi gajeren gashi, ko a saka tiyon ciyarwa ta ciki. Na sha ganin iyalai sun ji kalmar "ya bazu" sun naɗe tabarma sun koma gida, alhali wannan aikin ma magani ne. Kafin nan, ki riƙa dama masa kunun gyaɗa da madara da ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, yana zaune a miƙe. Wanda ya rame ƙwarai ba ya jure kemo, saboda haka cokalin da kike ba shi yana cikin jinyar.

Yayata ta sha maganin tarin fuka wata shida cur, tarin bai tsaya ba, har da jini. Yanzu an ce ana zargin ciwon dajin huhu. To ita ko warin taba ba ta so. Ta yaya haka za ta faru? Daga wani ɗan'uwa a Illela.

Wannan labari na ji shi fiye da yadda nake so. Tarin fuka da ciwon dajin huhu kama suke yi kamar Hassan da Husaini: tari mai daɗewa, kakin jini, rama, inuwa a hoton ƙirji. Da yake tarin fuka ya fi yawa a wajenmu, shi ake fara zargi, kuma ba laifi ba ne. Inda ake kuskure shi ne a ga gwajin majina bai nuna ƙwayar cutar ba, a ga wata biyu na magani sun wuce ba sauƙi, a ci gaba da ba da ƙwayoyi ba a sake dubawa ba.

Taba ce ke jawo kusan 85 cikin 100 na ciwon dajin huhu a duniya, ragowar kuwa a jikin waɗanda ba su taɓa sha ba yake fitowa. Hayaƙin tabar miji ko maƙwabci, da hayaƙin icce a madafi marar taga shekara da shekaru, duk suna cikin abubuwan da ake tuhuma. Wani lokaci kuma ba a samun dalili ko ɗaya.

Ga abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa. A mata da waɗanda ba su sha taba ba, an fi samun wani canji a ƙwayar halittar ƙarin da ake kira EGFR. Idan gwaji ya nuna shi, akwai ƙwayar magani ta haɗiya sau ɗaya a rana, irin su gefitinib da erlotinib da osimertinib, da kan danne ciwon ko da ya bazu, mutum ya koma harkokinsa na watanni masu yawa, wasu har shekaru. Ba ya kawar da ciwon gaba ɗaya, daga baya ciwon kan gano hanyar kauce masa, kuma yana da tsada, musamman na ukun. Amma ba a fara shi da ka. Sai an ɗebi nama an tabbatar da irin ciwon, don akwai wani nau'i mai ƙananan ƙwayoyi, kusan 15 cikin 100, mai saurin gudu, wanda kemo da gashi ne maganinsa. Ka tambayi likitanta ko za a iya aika naman gwajin EGFR.

Game da sakamako kuwa, wanda aka kama nasa yana ƙarami aka yanke ɓangaren huhun, fiye da rabi na irinsu suna kai shekara 5. Wanda nasa ya bazu, a da ba a cika wuce shekara ɗaya ba, sababbin magunguna ne suka fara tsawaita wannan.

Kawuna ya hana a ɗebi naman mahaifiyarmu, ya ce ciwon daji in ya ji ƙarfe sai ya watsu. Gaskiya ne? Daga Runjin Sambo.

Na san inda maganar Kawu ta samo asali. An ga mutum ya je asibiti a ƙurarren lokaci, aka ɗebi nama, bayan wata biyu ya rasu, sai aka ɗora wa allura laifi. Ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin a taɓa shi. Ɗiban naman da bai kai ƙwayar gero biyu ba ba shi ne ke watsa shi ba, kuma in ba shi, babu likitan da zai san wane magani zai bayar. Wani lokaci ma sakamakon kan fito ya ce ba ciwon daji ba ne. Kada ka yi jayayya da Kawu a tsakar gida. Ka roƙe shi ya raka ku asibiti, ya yi wa likita tambayar da bakinsa.

Ni mai shayi ne kusa da tasha. An ce shayi na kawo ciwon dajin maƙoshi. In bar sana'ata ke nan?

A'a, Malam, riƙe tukunyarka. Ba ganyen shayi ake zargi ba, zafin ne. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo ciwon dajin bututun abinci, saboda ƙona fatar ciki da yake yi kullum. Koko da kunu ma haka ne. Ka sheƙa shi tsakanin kofi biyu kamar yadda kuka iya, ka bar shi ya ɗan huce minti kaɗan kafin ka miƙa. Sigarin da wasu ke kunnawa a bencinka, da barasa ga mai shanta, sun fi shayinka haɗari nesa ba kusa ba. In kuma kana da wani mai zuwa kullum da ya fara tura burodi da ruwa don ya ƙi wucewa, ka ce masa ya zo a duba shi a makon nan.