Ofis ya toshe SSH: ta ina zan shiga sabata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sabar Linux da nake haya, amma a ofishinmu intanet ba ya fita sai ta furoksi (sabar da ke tsakanin kwamfutocinmu da intanet), SSH kuwa, hanyar shiga saba daga nesa, ya ƙi haɗuwa sam. Akwai mafita? — Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, sai dai ka fara neman izinin mai kula da kwamfutocin ofis, don a wasu wuraren wannan laifi ne da zai iya jawo kora.

SSH na bi ta ƙofa (port) ta 22, furoksi irin Squid kuma, a tsarinsa na asali, ƙofa ta 443, wato ta HTTPS, kaɗai yake yarda a yi wa CONNECT, umarnin neman ya buɗe maka hanya kai tsaye. In ka nemi 22, amsar 403, wato an hana, zai ba ka. Don haka a sabar, buɗe /etc/ssh/sshd_config, ka sa layin Port 443 ƙarƙashin Port 22, ka sake tayar da sshd, manhajar SSH ta sabar. Kar ka rufe zaman da kake ciki sai ka gwada sabon, kada ka kulle kanka a waje.

A kwamfutar ofis, girka corkscrew, manhajar da ke wucewa da SSH ta furoksi, ka sa wannan cikin ~/.ssh/config tare da Port 443:

ProxyCommand corkscrew adireshin-furoksi 3128 %h %p

3128 ita ce ƙofar Squid ta asali. Taku na iya bambanta. In ka ga 407, suna da kalmar sirri furoksin ke nema: rubuta su a fayil, ka yi masa chmod 600 don kai kaɗai ka iya karanta shi, ka ƙara sunansa a ƙarshen layin ProxyCommand.

Shafinka na yanar gizo ya riga ya riƙe 443? Sa sslh, shi zai raba SSH da HTTPS a ƙofa guda.

Inda ake shan wuya shi ne furoksi mai leƙa abin da ke wucewa. SSH na fara gaisuwa da "SSH-2.0" a fili, da furoksin ya ga ba TLS ba ne, wato tsarin ɓoye bayanai na HTTPS, sai ya yanke. Nan corkscrew ba shi da amfani. Wstunnel ko chisel za ka ɗauka, su naɗe SSH cikin WebSocket, haɗin yanar gizo mai ɗorewa, ta HTTPS. In manhajar sabar yanar gizo ta nginx ce a gabansu, shirun daƙiƙa 60 ya isa ya katse ka, maganinsa ka sa ServerAliveInterval 30 cikin ~/.ssh/config.

Ttyd, mai kawo layin umarni cikin burauza ta ƙofa 7681, ba ma ba da shawararsa sai an sa masa TLS da kalmar sirri. A sshd_config na sabar kuma ka sa PasswordAuthentication no, ka riƙa shiga da makullin SSH (SSH key) kaɗai maimakon kalmar sirri.