Amsa ga Alhajin da ke son fara gudu bayan rasuwar maiɗakinsa

Assalamu alaikum Alhaji. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce shekarunka 63, kana da hawan jini da ciwon suga, tun rasuwarta ba ka zuwa ko'ina sai masallaci, ga likita ya matsa ka riƙa motsa jiki. Kana tambaya ko gudu zai yiwu a shekarunka, kuma kana jin nauyin abin da mutane za su ce.

Zai yiwu. Na girme ka da 'yan shekaru, ina shan maganin hawan jini, ni ma na rasa uwar 'ya'yana, kuma yau ina sassarfa. Amma da tattaki ake farawa. Jikin da ya daɗe a zaune, idan aka ɗora masa gudu farat ɗaya, gwiwa da agara ne za su fara kuka, mutum ya kwanta jinya ya ce abin ba nasa ba ne. Ka fara da minti goma bayan sallar asuba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako har ka kai minti talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ba da shawara, wato minti 30 sau biyar. Ma'aunin saurinka shi ne hira: in kana iya magana da na kusa da kai kana tafe, daidai ne, in haki ya hana ka haɗa zance, ka sassauta. Sai wannan ya zama jiki kafin ka fara cusa sassarfar minti ɗaya tsakanin tafiya.

Na ce bayan asuba ne da gangan. Duk wanda ya rasa matarsa ya san lokacin nan. Ka dawo daga masallaci, ka turo ƙofa, kujerar da take zama ta dama koko tana nan a gindin murhu, ba motsi, ba mai cewa sannu da dawowa. Nan ne baƙin ciki ya fi samun mutum, sai ya koma gado ya yi ta juyi har hantsi. Ni sai na daina shiga gida. Ina ajiye kambas ɗina a zaure, in canza silifas, in wuce filin sukuwa na nan Kano. Kafin in dawo yara sun tashi, gida ya yi hayaniya. Kewarta ba ta tafi ba, har gobe ina jin ta, amma barcina ya dawo, abinci ya fara shiga, awon jinina kuma ya sauka daga saman 140 bisa 90 inda ya daɗe yana tsaye. Ban daina maganin ba, kai ma kada ka daina naka don ka ga awo ya yi kyau.

Abin da ya fi riƙe ni ma abokan tafiya ne. Ka nemi mutum ɗaya a sahun asuba ku yi alkawari. Ran da zuciya ta yi nauyi, sallamarsa a ƙofar gida ce za ta fitar da kai. Maganar mutane kuwa ba ta daɗewa, waɗanda suka ce tsoho ya zare su ne daga baya ke tambayar ƙarfe nawa ake fita.

Saboda sugan, ka tambayi likitanka ko maganinka yana iya sauke suga da yawa, musamman in allurar insulin kake yi. Ka sa dabino biyu ko uku a aljihu. Da ka ji jiri, karkarwa ko gumi mai sanyi, ka zauna ka ci. Kullum in ka cire takalmi ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, don mai suga kan ji ciwo bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Nauyin ƙirji kuwa, ko ciwon da ke sauka hannun hagu, wannan na asibiti ne nan take.

An yi wani dattijo ɗan Indiya mazaunin Ingila, Fauja Singh. Bayan ya rasa matarsa da ɗansa ya kama gudu, ya yi gudun famfalaƙi na London, kilomita 42, a 2000 yana da shekara 89, ya kuma kammala na Toronto a 2011 yana da shekara 100. Mota ce ta buge shi ya rasu a ƙauyensu na Punjab a 2025. Don haka in titi za ka bi da duku-duku, ka sa fararen kaya, ka bi gefen da kake fuskantar motoci da 'yan adaidaita sahu.

Lokacin hazo ka sa takunkumi ko ka jira ƙura ta lafa. A zafin Maris da Afrilu ka gama kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa sosai. Da azumi ni bayan tarawihi nake fita, amma kai mai suga ka daidaita wannan da likitanka tun watan Sha'aban. Allah ya ƙara lafiya, Alhaji.